Dubiya a Gindin Bedi

Ita ce ta fari a wurina, saboda haka labarin ciwon kanta a bakin mutane na fara jin shi, kamar yadda ake jin labarin ɗiyar maƙwabta. A garinmu, nan gefen Kanan Bakashe, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban jama'a, ba ta tambayar ko ya ci abinci, in an yabe shi ta kau da kai, in an ce ba shi da lafiya ta ci gaba da abin da take yi. 'Yan yanzu sun sassauta, har ka ga yarinya tana yi wa ɗan farinta rawa a bakin pampo. Mu ba haka muka tashi ba, ni kuwa ko a cikin sa'o'ina an san ni da riƙon wannan kunya. Da ni ake ba amare misali.

Da aka yaye ta, ƙanwar mijina ta zo ta goya ta, ta tafi da ita gidanta can ƙarshen gari. Goggon nan ita ta raine ta, ita take kira Inna. Ni Yaya take ce mini, don da sunan nan ta ji ƙannena suna kirana. In mun haɗu a hanya ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina duban wani wuri. Goggonta ta yi mata aure a cikin gari, ga wani mutum mai sanyin hali da ke dakon kaya a amalanken shanu. Ta koyi suyar gyaɗa da matsar mai a hannun goggon, har manta ya yi suna, mata suna zuwa da kwalabe tun daga unguwar gabas.

Tun tana budurwa nake jin ana cewa kanta ya tashi. Ban taɓa tambaya ba, don ba hurumina ba ne. Yadda goggonta take yi da ita a irin ranakun nan, Allah ne ya sani, ta tafi da saninta. Sai da ta rasu na lura babu kowa a tsakanin ɗiyar nan da gari. Mijinta kullum yana hanya, 'ya'yanta mata sun yi aure a wasu garuruwa.

Ina da ɗan fili na kuɓewa da yakuwa, hanyarsa ta bi ta bayan dangarta. Na ɗauki zuwa filin nan safe da yamma, har da rani lokacin da babu komai a cikinsa sai kara. Dangar kara ba ta ɓoye wa mai son gani komai. Ban taɓa tsayawa ba, sai dai tafiyata ta yi nauyi a daidai wurin, kuma ƙafar tsohuwa ba a tambayarta dalili.

Abin da na gani ya ɗaure mini kai. Ni na san ciwon kai na zazzaɓi, na san na yunwa, na san wanda ɗaukar itace ke sa wa. Wannan daban yake. Yana aiko da manzo kafin ya zo. Ranar da za ta wayi gari da shi, tun jiya za ka ga tana hamma kamar wadda ta kwana biki, tana shafa bayan wuya, tana neman tsamiya ko rake. Wani lokacin ma a ranar ta fi fara'a, ta share gida har inda ba a sharewa. Da safe sai in ga ta tsaya cak a tsakar gida da muciya a hannu, ta rufe idon hagu da tafin hannu, tana duban bango kamar an rubuta mata wani abu a jikinsa. Can sai ta kashe wuta, ko da gyaɗar ba ta soyu ba, ta shiga ɗaki ta saki asabari. Kuma kullum ɓari ɗaya take riƙewa. Na yi ta tunani a kan wannan. Kai ɗaya ne, ƙashi ɗaya ne, wane ne ya ja iyaka a tsakiya har ciwo ya san inda zai tsaya?

Na ce ko rana ce, don sau da yawa washegarin kasuwar Kanan Bakashe yake kama ta, bayan ta wuni a rana ta dawo bisa amalanke. Sai ga wata kasuwa ta je ta dawo lafiya lau, ya zo ya kama ta ranar da hadari ya rufe gari. Na ce ko hayaƙin suya ne. Sai ya kama ta a makon da ba ta hura wutar suya ba. Duk inda na ɗana masa tarko sai ya bi ta wani gefen. Abin da bai taɓa sauyawa ba shi ne ƙarshensa: in ya sake ta, sai ta fito fuska fayau kamar mai jego, ta zauna ta ci tuwo irin cin masu girbi.

To, a garinmu in aka ce wance na kwance, ba a jiran a kira ka. Dubiya wajibi ce, wadda ba ta je ba ita ce abin magana. Mata su sa mayafi, wannan da kwanon kunu, waccan da fura, su shiga ɗaki su zauna. Ni ma ina zuwa, amma a ƙarshen layi, in zauna daga bakin ƙofa kamar baƙuwa, in ce sannunku ga jama'ar ɗakin gaba ɗaya. Daga wurin zaman nan nawa na ga abin da waɗanda ke ciki ba su gani ba. Duk wadda ta ɗaga asabari, rana ta faɗo ɗakin, sai in ga yatsun ƙafar marar lafiya sun naɗe. Kowace mace sai ta ce sannu, kuma kowace sannu sai an amsa ta, in ba a amsa da ƙarfi ba a sake maimaitawa kusa da kunne. Ga goyo yana kuka. Ga wadda ta shafo turaren biki. Wata ta ce a kawo garwashi a yi mata hayaƙin hano, wata ta ce tazargade, wata ta ciro man zafi daga bakin zane ta murza mata a goshi ba tare da ta tambaya ba. In an gama da magani a shiga hirar tsadar hatsi da wadda ta haihu a Mayahi. Duk don ƙauna suke yi, na rantse babu mai mugun nufi a cikinsu. Na taɓa ganin ta yunƙura ta yi amai a kaskon da ke gefenta, tana gamawa ta ce wa matar da ta shigo yanzu-yanzu, yauwa, na gode, ya yara.

Rannan ta gaji. Da ciwon ya zo ta tura ƙyaure ta sa sakata. Mata suka zo suka yi sallama, suka buga, suka kira ta, shiru. Suka koma da kwanoninsu. Ta sake yin haka a tashi na gaba, da wanda ya biyo baya.

Magana ta fara yawo. A bakin rijiya aka ce mai ya kawo mata girman kai. Wata ta ce wanda ke ciwon Allah ba ya ɓuya, sai in akwai abin da ake rufewa. Masu kwalabe suka ragu, suka koma wajen wata mai mai a unguwar yamma. Wannan bai dame ni ba kamar abin da na gani a wani taron suna. Ta shigo ta gaida mata, aka amsa mata a taƙaice, ba wadda ta matsa mata wuri a tabarma. Ta zauna a kan turmin da aka kifa, ita kaɗai, tana gyara bakin mayafi. Ana ta yin zancen a gabana ba a ko rage murya, don ai an san ni, an san ba zan nuna na ji ba. Macen da ba ta da mutane a gari irin namu, ranar da abu ya same ta wa zai ɗebo mata ruwa, wa zai zauna mata?

Ina da taubashiya, ɗiyar kawuna, tare muka tashi, tare muka tsufa, ba mu taɓa haɗuwa ba mu zagi juna ba. Ita kaɗai ta gane abin da ke kai ni filin da babu shuka. Ta ce mini in kuɓewar nan ta rani ta nuna in ɗiba mata. Na ce ta ji da haƙoranta da suka rage. Amma ita na mayar 'yar aike. In ba ta tambaya, ta kai wa marar lafiya kamar tata ce, ta dawo mini da amsa, rabin amsar ta zube a hanya don surutu. Ta bakinta na ji cewa kafin ciwon ya sauka, wani abu mai ƙyalli yana fitowa a gefen ido, kamar ɓawon kifi a rana, yana rawa yana faɗi har ya cinye rabin abin da take kallo. In ta dubi mutum sai ta ga kunne ɗaya da kafaɗa, sauran babu. Na ce a tambayo ta ko yana nan in ta rufe ido. Aka ce yana nan. Na kwana biyu ina juya wannan. Abin da ake gani ido a rufe, a ina yake zaune?

Na tambayi wanzamin gari, wanda ya taɓa yi mata ƙaho har ya bar mata tabo tsakanin ido da kunne. Ya ce mataccen jini ne. Na ce to ai ka fitar, me ya dawo da shi? Ya ce jini kullum mutuwa yake yi, ya ci gaba da wasa askarsa. Na tambayi Bafillatar da ke kawo mana nono. Ta ce wanta yana da irinsa, in ya taso masa sai ya bar wa ƙannensa shanu, ya sami gindin wata itaciya nesa da ruga, ya rufe ido da rawani, ba mai nemansa sai ya dawo da ƙafarsa. Na ce ba a zuwa gaishe shi? Ta yi dariya ta ce wa zai bi mutum daji don ya ce masa sannu.

Daga nan na shirya ranar kasuwa na tafi likita, wato asibiti. Tun da nake ban taɓa shiga ba sai don raka wani. Majo, mai duba marasa lafiya a wurin, saurayi ne, ɗan wajen Tasawa, mai haƙuri. Ya ce Inna me ke damunki, na ce kaina. Ba zan iya buɗe baki in ce ɗiyata ba, ko a gaban baƙo. Ya ɗaura mini abin tansiyo, na awon hawan jini, a hannu, ya ce wane gefe, na ce hagu. Ya ce yaya yake farawa, na zayyana masa tun daga hamma har tuwo. Ya ce in ya kama ki, haske yana damunki? Na ce ƙwarai, har yatsun ƙafa suke naɗewa. Ya ce kina cikin ciwo kike kallon yatsun ƙafarki? Ya kwance abin hannun a hankali ya ce, Inna, kan nan ba naki ba ne, ki turo mini mai shi.

Bai tambaye ni wace ce ba, shi ma ɗan ƙasar nan ne. Ya ce ciwon ɓarin kai ne, sananne ne, yana bin mata fiye da maza, akwai ƙwayar da in aka sha da wuri, tun ƙyallin nan na rawa, tana rage masa ƙarfi. Kada ta zauna da yunwa, kada ta yi wasa da shan ruwa. In ya riga ya sauka kuwa, duhu da shiru sun fi komai. Na tambaye shi me ya sa ɓari ɗaya. Ya ce Inna, manyanmu ma ba su gama sanin wannan ba. Na ji daɗin amsar. Tun da na fara tambaya shi ne na farko da ya ce akwai abin da bai sani ba.

Taubashiyata ta kai saƙo, mijin ya ɗauke ta a moton haya suka je. Ƙwayar ta yi nata, wani tashin ma kafin azahar ya sake ta. Amma ba kullum ba, kuma ƙwaya ba ta hana mata zuwa ƙofa, ba ta kuma hana su jin haushi in sun tarar da sakata. Duhu tana da shi a ɗakinta. Shirun ne ba ta da hanyar samu sai ta sayar da mutuncinta.

Wata safiya bayan girbi na bi ta bayan danga na ga wuta a kashe, buhun gyaɗa a jingine ba a ɓare ba, ƙyaure a rufe. Ban ƙarasa filin ba. Na koma gida na ɗauko babbar tabarmata da faifai biyu. Na shiga gidanta, gidan surukina, wanda ban taɓa taka shi ni kaɗai ba, na jawo buhun nan a ƙasa har waje. A bakin lungun da ke shiga gidan akwai wani bedi, itacen da wasu ke kira darbejiya, duk mai zuwa sai ya bi ta gindinsa, kuma daga nan murya ba ta kai wa ɗaki. Na shimfiɗa tabarma a tsakiyar hanya na zauna na fara ɓara.

Ta farko da ta iso taubashiyata ce, da 'yan mata uku na unguwarsu a bayanta.

"Ke tsohuwar banza, hanya kika saya?"

"Dubiya kuka zo?"

"A'a, tallan haƙora muka zo."

"To nan ake yin ta yau. Ku zauna."

Ta dube ni, ta dubi buhun, ta dubi lungun. Ta gane, kuma da yake muguwa ce ba ta bar ni na tsira ba. Ta durƙusa a gabana kamar yadda ake yi wa mai gida, ta ɗaga murya yadda na baya za su ji, ta ce, "To, uwar marar lafiya, ya mai jiki?"

Tun da na haife ta ba a taɓa yi mini wannan tambaya ba. Ba a yi wa uwa ita a kan ɗan fari, don an san ba za ta amsa ba. Na ji fuskata ta yi zafi kamar na leƙa tanda. Gyaɗar da ke hannuna na matse ta har ta fashe.

"Da sauƙi," na ce. "Ta gode."

Matan nan suka rufe baki da mayafi. Ɗaya ta kasa riƙewa ta fashe da dariya, na ce ta yi a hankali, akwai mai kwance. Taubashiyata ta ce yau ta ga abin da za ta ba jikokinta labari, kunyar garin nan kaf ta zube a gindin bedi, a kawo tsintsiya. Tana faɗa tana zama, ta ja faifai gabanta.

Haka suka yi ta zuwa. Kowace ta iso in ce nan ake yi, ta gaishe ni, in amsa, in karɓi kunu ko fura in ajiye a inuwa, in ce za a shigar mata in ta farka. Wadda ta kawo magani na karɓa na yi godiya, na tambaye ta yadda ake haɗa shi da wanda ya koya mata, don mutum in ya kawo magani abin da yake so ke nan. Na gaya musu abin da na gani daga bakin ƙofa, na asabari da na amsa sannu. Na ba su labarin ƙyallin da ke cinye rabin mutum, sai ga wata ta ce ai kakarta haka take yi, su suna cewa iska ce. Wata ta ce ita ma takan ga wani abu kamar haka in tana da ciki, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Aka shiga gardama ƙasa-ƙasa a kan ko ciwon yana bin jini. Hannuwa kuwa suna ta aiki, don ba macen da za ta zauna kusa da gyaɗa ta bar ta. In na ga hira za ta mutu wata ta fara duban lungu, sai in jawo wani tsohon labari, na shekarar da fari suka sauka, ko na auren taubashiyata da angon ya faɗo daga kan jaki. Ita ta ce ƙarya nake, na ce ta kawo shaida.

Rana ta yi sama sai ga tsohuwar ungozomar gari tana dogara sanda. Ta girme ni nesa, rabin matan da ke tabarmar nan ita ta yanke musu cibiya, har da wadda ke kwance. Na ce mata Iya, nan ake yi. Ba ta ko dube ni ba, ta nufi lungu. Na tashi na tsaya a gabanta.

Ta ce dubiya da ido ake yin ta, sunanta ke nan, ita ba ta taso da ƙafafun nan nata don ta gaida itace ba. Ta ce ladan mai dubiya a gefen marar lafiya yake, wa ya ba ni ikon hana ta? Na ce Iya, in ta tashi da kanta za ta zo har ɗakinki ki gan ta. Ta ce ita ta fara ganin yarinyar nan a duniya kafin ni, don ni kau da kai na yi. Gaskiya ta faɗa. Sannan ta ce abin da ya fi ba ta mamaki shi ne ni, ni da take aika amare su koyi kunya a wurina, yau na zauna a titi ina amsa gaisuwar 'yar fari kamar wata 'yar birni.

Na ce, "Iya, na ji. Amma yau ba mai shiga."

Ta tsaya tana dubana. Ta ajiye ƙullin da ta kawo a ƙasa, ba a hannuna ba, ta juya. Mata biyu suka tashi suka bi ta. Sauran suka zauna, amma hirar ba ta koma yadda take ba, kafin azahar kowa ta watse. Buhun ya kusa ƙarewa. Na kai gyaɗar da kwanonin na jera a bakin ƙofarta ba tare da na yi motsi mai ƙarfi ba, na naɗe tabarmata na tafi gida.

Ban ji daɗin jikina ba a yinin nan. Ungozoma ba ƙaramar mace ba ce, in ta juya wa gida baya, da yawa za su juya. Na ce ko na ƙara lalata abin da na zo gyarawa, na kuma zubar da nawa mutuncin a banza. Washegari da na je rijiya wata ta ce ina kwana uwar wance, ta kama sunan, aka yi dariya. Har yau ana kirana haka, kuma ba a ƙara turo mini amarya ba.

Da hantsi na hango ɗiyar nan ta fito, fuska fayau, ta sa mayafinta na fita. Taubashiyata ta gaya mata alkawarin da na yi wa ungozoma a madadinta. Gida-gida ta bi, duk wadda ta zauna a tabarmar nan sai da ta je ta yi mata godiya, ta mayar da kwano da ɗan ƙuli-ƙuli a ciki. An ce a wasu gidajen har an riƙe ta hira, ana tambayarta labarin ɓawon kifi. Gidan ungozoma ta bari a ƙarshe.

Bayan la'asar ina tsakar gida ina tsince yakuwa na ji sallama. Ita ce. Ba ta taɓa shigowa gidana ba sai da dalilin jama'a, salla ko rasuwa. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni, na amsa ina duban faifai. Na ci gaba da tsince yakuwata. Kaza ta zo ta bi ta tsakaninmu.

"Yaya, daga gidan Iya nake."

"To."

"Ta bar ni a tsaye a waje har na gaji, sannan ta ce in shiga. Ta duba idona, ta taɓa mini wuya. Ta ba ni saƙo in kawo miki."

Na ce ina ji.

"Ta ce in gaya miki ba ta huce ba." Ta ɗan tsaya, na ji murmushi a muryarta. "Ta ce kuma in ya sake tashi, a ajiye mata kujera a gindin bedin, ita gwiwarta ba ta zaman tabarma."

Na ce akwai wata 'yar kujera a ɗaki, ƙafarta ɗaya na girgiɗi, sai an kai wa masassaƙi. Ta ce ta kawo ta tafi da ita, mijinta zai gyara. Na shiga na ɗauko na ajiye a tsakaninmu, ta ɗora a kai ta fita.